Faci na Huɗu

Shekarunta hamsin da biyu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, amma har yau a gidansu Auta ake ce mata. A titin da take aiki kuwa Injiniya ce. Shagonta a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai hoto da mai yankan makulli, in ka miƙe a cikinsa ba shiri sai kanka ya bugi siminti. Teburi ɗaya, kujera ɗaya da rabi, don ta biyun ƙafa uku gare ta. Matattun kwamfutoci jibge a kusurwa, kowace da 'yar takarda manne an rubuta ciwonta. Shekara ashirin da 'yan kai tana buɗe cikin injinan mutane, har yau ba ta koyi murmushin 'yan kasuwa ba. Ka kawo mata kwamfuta ka rantse cewa haka kawai ta mutu, sai ta shinshina madannan ta ɗago ta ce, "Shayi ne ko lemo?"

Yayanta ne ya ɗora ta a wannan hanya. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ya dawo daga tafiya ya tarar ta kwance masa rediyo filla-filla a kan tabarma. Kowa a gidan ya zuba ido a ga dukan da za ta sha. Shi kuwa ya tsuguna ya ce in ta mayar da ita ta yi magana, shi zai kai ta makarantar koyon sana'a da kansa. Ta mayar, ya kai ta. Direban doguwar mota ne, kuma mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Fasinja ya shiga motarsa bai san kowa ba, kafin ya sauka ya ji tarihin duk wata gada da suka haye.

Shekara huɗu da suka wuce Yaya ya faɗi a bakin famfo yana wanke fuska. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Hankalinsa garau, yana jin komai, yana gane komai. Abin da ya rage masa mai motsi sosai shi ne manuniyar hannun hagu, ita ma rawa take yi. Alƙalami ya gagare shi. Wayar shafawa kuwa, in ya nufi harafi ɗaya sai ya taɓa biyar. Wata uku mutumin da ke cika mota da surutu yana zaune yana kallon bango, hawaye na bin gefen fuskarsa, ba mai sanin ko ruwa yake so ko juyi.

Auta ce ta tono wata tsohuwar kwamfutar cinya a cikin jibginta, mai dogayen madannai irin na da. Wani kafinta ya yi mata faranti na katako da ake ɗaurewa a hannun kujerar Yaya, ya kuma rufe madannan da wani siririn allo mai ramuka, kowane harafi da raminsa, yadda yatsa in ya faɗa ba ya zamewa. An gwada wannan dabara a kan wasu kwamfutoci biyu sababbi, bai iya ba, madannansu sun cika kwanciya. Wannan tsohuwar dai ita ce bakinsa.

Manhajar aika saƙon da ta sa masa irin wadda masu ita suka saki tushenta a fili ce, kowa ya ɗauka ya karanta, ya gyara in ya iya. Tushen nan rubutu ne zalla, dubban fayiloli. Ba ya aiki sai an bi da shi ta cikin wata manhaja mai harhaɗawa ta mayar da shi abin da inji ke ganewa, wannan aikin shi masu sana'ar ke kira gini. Kuma ginin da aka yi wa Linux ba ya zama a Windows, na Windows ba ya zama a Mac. Kowane da kayan aikinsa da irin jarabarsa.

Ba ta ɗauki wadda aka riga aka gina ba, don tana da gyare-gyarenta, waɗanda take kira faci. Na farko ya ƙara girman haruffa. Na biyu ya sa in yatsa ya yi rawa ya danna harafi sau huɗu a jere, a ɗauke shi sau ɗaya. Na uku shi ne ƙararrawa: in saƙo ya fito daga Yaya, kwamfutar wanda aka aika wa za ta yi ta kuka har sai an buɗe. Mutum uku ke da wannan ƙararrawa. Ita Auta a shago, a kan Linux. Matar Yaya, wadda take kira Anti, a ofishin makarantar da take aikin buga takardu, a kan Windows. Sai ɗansu Dogo da ke aiki a wani gari mai nisa, a kan Mac. Daga ƙarfe bakwai da rabi na safe zuwa biyun rana Yaya shi kaɗai ne a gida, shi da yatsansa.

Akwai faci na huɗu. Manhajar tana da wani ɗan akwati da ke faɗowa ya ce an fitar da sabon samfuri. Wata rana ya faɗo ya rufe wurin rubutu, Yaya ya yi minti arba'in yana neman ɗan maɓallin rufewa da yatsa mai rawa, ga ƙishirwa. Ran Auta ya ɓaci ƙwarai. A ranar ta shiga tushen ta cire akwatin ɗungurungum, ta sake gina wa kowa. Har alfahari take yi da wannan aiki, ta ce ita ba a yi manhajar da za ta yi wa yayanta katsalandan ba.

Wata Talata da hantsi wani mai kantin magani ya kawo kwamfutarsa a canza masa batir. Ashe shi ma manhajar yake amfani da ita, amma wadda ba a taɓa ba. Auta na kunnawa sai ga akwatin nan ya faɗo, wannan karon da jan rubutu. An canza yadda ake kulle saƙonni, in ji shi, kuma daga ranar Alhamis ƙarfe goma sha biyu na rana duk wani tsohon samfuri ba zai ƙara aikawa ko karɓa ba. Ta duba kwanan watan sanarwar. Mako shida ke nan ana shelanta wa duniya, gida ɗaya ne kawai bai ji ba, kuma ita ce da hannunta ta toshe masa kunne.

Ta sake karanta sanarwar daga farko. Mai kantin ya ce, "Injiniya, lafiya? Ko batirin ne babu?"

"Akwai. Ka dawo jibi."

"Kin ce min minti goma."

"Yanzu na ce jibi."

Ta ja ƙofar shago rabi, ta sauke sabon tushen. Facinta uku duk suka ƙi zama, don mutanen sun sauya wa fayiloli wuri, wanda ke kula da madannai ma sun raba shi gida biyu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗinkewa da hannu, tana tsaki, tana yi wa mutanen da ba ta taɓa gani ba faɗa a cikin ranta, alhali ta san ba su da laifin komai. Na huɗun ko kallonsa ba ta yi ba. Wajen la'asar ginin Linux ya kammala a kan kwamfutarta, ta buɗe, ya yi aiki sumul. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce na Yaya ya samu, tunda shi ma Linux ne. Ta kwafe shi a filas, ɗan abin ajiyar fayiloli da ake sokawa a jikin kwamfuta, ta jefa a jaka, ta juya kan sauran.

Laraba ta tafi a kan Windows da Mac. Na Windows ya sa ta sauke kayan gini masu nauyin tsiya, intanet ɗin titin kuma yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Sau biyu yana tsayawa da kukan ya rasa wani fayil da take gani da idonta yana nan, sai da ta rubuta masa hanyar da hannu. Mac kuwa ba ta da shi. Ta shiga wajen Mai Hoto, wanda ke ji da nasa kamar ɗan fari.

"Aron awa ɗaya, lokacin cin abincinka."

"Hotunan mutane ne a ciki, Injiniya. In wani abu ya same su ina zan sa kaina?"

"Sau nawa na tayar maka da firinta ban ce komai ba?"

Ya ba ta, amma bai je cin abincin ba. Ya tsaya a kanta yana huci, duk layin da ya gudu a allo sai ya tambaya ko goge wani abu ake yi. Awa ɗayan ta zama biyu da kwata. Ta aika wa Dogo nasa, ya kira ta yana cewa kwamfutarsa ta ƙi buɗewa, wai ba ta san wanda ya gina ba. Ta ce, "Ka gaya mata gwaggonka ce," sannan ta nuna masa inda zai ba da izini. Ta bi ta makaranta ta sa wa Anti nata. Rana na shirin faɗuwa ta isa gidan Yaya, a gajiye amma da sauran fara'arta.

Yana zaune inda yake zama kullum, kusa da taga, bargo a kan gwiwa. Ta gaishe shi, ta soka filas, ta kwafe, ta danna. Ba abin da ya buɗe. Ta sake dannawa. Ta buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni ta kira manhajar daga can, sai layi ɗaya ya fito: tana neman wani kayan haɗi wanda ya fi na cikin injin sabunta. Nan take ta gane. Shekara huɗu da suka wuce kwamfutar shagonta da ta Yaya sa'annin juna ne. Tun daga lokacin ta sabunta tata sau uku, tasa kuwa tana nan yadda take, don ƙarfinta ba zai ɗauki sabuwar babbar manhajar da ke tafiyar da inji ba. Suna ɗaya suke amsawa, amma abin da aka gina a can ba zai tsaya a nan ba.

Yaya na kallon fuskarta. Ya kai yatsa, a hankali, rami bayan rami, a tsohuwar manhajar da ke da sauran kwana ɗaya. Kwamfutarta ta yi kuka a cikin jaka. Ba ta ciro ta ba, ta karanta a allonsa.

"me ya faru"

Ba ta taɓa iya yi masa ƙarya ba. Ta gaya masa komai, har da akwatin da ta cire da mako shidan da aka yi ana sanarwa. Anti da ke tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu ta ce, "Wato gobe war haka in ya shaƙe ba mai ji?"

"Zan gina a kan tasa. Ita da kanta za ta gina wa kanta."

"Wannan gyatumar? Da ƙyar fa take buɗe hoto."

"Ba wata hanya, Anti."

Hanyar ma ba miƙaƙƙiya ba ce. Manhajar harhaɗawar da ke cikin tsohon injin ta tsufa da yawa, ba ta gane sabon tushen, sai an fara gina sabuwarta tukuna. Ta kunna wannan aikin bayan Yaya ya kwanta, ta bar shi ya kwana yana yi.

Ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis ta dawo ta tarar ya gama. Anti ta aika makaranta cewa ba za ta samu zuwa ba. Auta ta kwance farantin daga hannun kujera ta ɗora a kan teburin cin abinci, don in gini ya fara injin ba ya sauraron kowa, ko harafi ɗaya ba zai karɓa ba. Tana ɗagawa ta ga yatsan Yaya ya bi farantin kaɗan, sannan ya koma ya sauka a kan katakon kujera. Ta kawar da kai.

Ta ba da umarni. Layuka suka fara hawa, kowane da lambarsa a gefe. Kashi ɗaya cikin ɗari, biyu, uku. Kafin a kai ashirin ƙasan injin ya yi zafin da ba a iya dafa shi, 'yar fankar cikinsa na ihu. In ya wuce kima kashe kansa zai yi. Ta ɗora shi a kan kofuna huɗu da ta kifa don iska ta ratsa, ta juyo da fankar ɗaki ta saita masa, Anti ta kawo robobin ruwa biyu daga firji aka jera a gefe. Ɗakin ya yi tsit in ban da ƙarar fanka da ɗan ƙwas-ƙwas ɗin yatsan Yaya a kan katako. Sau biyu Anti na zuwa ta tambaye shi ruwa, ko banɗaki, ko matashi, yana rufe ido alamar a'a. Me yake son cewa, ba wanda ya sani.

Ƙarfe tara, kashi arba'in da shida. Ƙarfe goma, saba'in da tara. Auta ba ta zauna ba. Dogo ya kira sau uku, a na ukun ta ce masa in ya sake kira za ta kashe wayar. Goma da minti arba'in lamba ta kai casa'in da bakwai, inda ake ɗaure dukan guntayen su zama abu ɗaya. Ta tsaya a nan. Fitilar injin ta kama ƙiftawa ba tsayawa, minti biyar, minti takwas. Sai layi ya fito, gajere, da kalma ɗaya a ƙarshensa: an kashe. Ƙwaƙwalwar injin ta cika, babbar manhaja ta yanke aikin don ta ceci kanta.

Anti ta matso ta dubi allon, ko da yake ba ta gane komai a ciki, fuskar Auta ta ishe ta.

"Ya lalace?"

"Wuri ya ƙare mata. Zan ara mata wuri a filas, in sa ta yi abu ɗaya-ɗaya maimakon biyu. Za ta ci gaba daga inda ta tsaya."

"Zai ɗauki wane lokaci?"

"Ban sani ba. Filas ba shi da sauri. Zai wuce sha biyu."

"Kuma tabbas zai yi?"

Auta ta mayar da ido kan allon.

Anti ta sassauta murya, amma a ɗaki ɗaya suke, yana ji. "To ki mayar masa da farantinsa. Saura awa ɗaya tsohuwar ta mutu. Ki bar shi ya yi magana da ɗansa, ya faɗi abin da zai faɗa. In ya so daga baya ki yi ta gwajinki. In wannan abin ya ƙi fa, Auta? Shi ke nan ko sallama bai yi ba?"

Gaskiya ta faɗa, kuma Auta ta san haka. Amma injin yanzu yana da ɗan sanyin da ya samu, rana kuma na ƙara hawa, ɗakin zai zama murhu nan da awa biyu. Ta je ta durƙusa gaban kujerar kamar yadda take yi tun tana yarinya in za ta roƙi wani abu.

"Yaya, ka ji mu. In kawo maka ita yanzu ka yi awa ɗaya, ko in ci gaba?"

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya ɗaga yatsan nan, yana rawa, ya nuna teburin, ya soka iska sau biyu kamar mai ce wa yaron mota a tafi. Anti ta juya ta shige kicin, aka ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Auta ta goge filas ɗin tas, ta mayar da shi wurin ajiyar wucin gadi, ta sake ba da umarni. Casa'in da bakwai ta dawo ta zauna. Ba layin da ke motsi, fitilar filas ce kawai ke ƙiftawa, ita ce shaidar cewa ana wani abu a ciki. Agogon bango ya kai sha ɗaya da rabi. Ya kai sha biyu saura biyar. Da dogon hannu ya hau kan gajere su ukun duk sun gani. Yatsan Yaya ya daina buga katako.

Ta canza robobin ruwa. Ta taɓa ƙasan injin ta janye hannu da sauri. Tsoro take ji, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka kira ta aka ce ya faɗi. Ta riƙa tuna watanni ukun nan na kallon bango, tana ganin su suna dawowa, wannan karon kuma ita ta jawo.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyu fankar injin ta sassauta. Casa'in da takwas, casa'in da tara da ɗari suka zubo kusan tare. Ba jan rubutu. Ta kira manhajar. Taga ta buɗe da manyan haruffanta, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa yana neman hanya, ya yi ta juyawa, har ta fara cije leɓe. Sai ɗigon da ke gefen sunan Yaya ya zama kore.

"Anti," ta ce. "Zo ki riƙe min farantin."

Suka ɗaure shi a hannun kujera, ta mayar da allon ramukan. Yaya bai yi gaggawa ba. Ya fara da Dogo, kalma biyu, wayar Auta ta yi ƙara nan take, yaron na cewa ƙararrawa ta tashe shi tsaye a tsakiyar ofis. Anti na dariya tana share ido da gefen zane. Auta ta zube a kan kujera, sai a lokacin ta ji ƙafafunta na zugi.

Yatsan ya ci gaba da tafiya, rami bayan rami, ya daɗe. Kwamfutarta ta yi kuka a cikin jaka. Ta ciro ta tana murmushi, tana jiran ko godiya ko tsiya, don ta san shi.

"ki koya wa wani"

Ta ɗago ta dube shi. Bai gama ba. Ta zauna tana kallon yatsan yana neman haruffa, ƙararrawa ta sake tashi.

"ran da kika kwanta kamar ni wa zai gina"

Murmushin ya tafi. Duk abin da ta yi cikin kwana ukun nan, kofunan, filas ɗin, inda kowane faci ke zama, ba ta rubuta ko layi ɗaya a ko'ina ba, a kanta kawai yake. Yaya na kallonta, yana jiran amsa. Ta ajiye kwamfutar a gefe ta ce, "Anti, akwai littafin rubutu a gidan nan wanda ba a fara ba?"